Ranar da Baƙona Ya Kira Mai Gari Kura

Yabo ya tabbata ga Allah, wanda ya sanya bambancin harsunan bayinsa cikin alamomin ikonsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a shekarun da nake limanci a wani ƙauye tsakanin Zandam da Gwaram, tun furfura ba ta sauka a gemuna ba, wani Babarbare ya sauka a zaurena ana saura kamar wata biyu damina ta faɗi. Ya biyo ayarin fatake masu kanwa daga ƙasar Barno, shi da matarsa da 'ya'ya mata biyu da jaki ɗaya. Babbar ba ta wuce shekara shida ba, ƙaramar kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. Madugun ayarin, wanda ke jin harsunan biyu, shi ya shaida mini cewa rijiyoyin garinsu ne suka ƙafe, ya fito neman inda zai yi noma ya zauna. Kashegari madugu ya wuce Kano, ya bar mu ba tafinta.

Hausar baƙon nan ba ta fi ta gaisuwa da neman ruwa ba. Yana da haddar izu masu yawa, saboda haka mukan zauna bayan azahar mu yi tilawa baki ɗaya, harafi bai saɓa wa harafi ba, amma da zarar mun shafa sai mu koma kamar kurame biyu. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Mai ɗakina ta ba matarsa ɗakin da muke ajiye ƙwarya da taskira. Kafin mako ya zagayo gidan ya ɗauki ƙamshin wani turaren wuta da ba mu san irinsa ba, maƙwabta suna ta aiko yara neman garwashi alhali murhunsu na ci. Yarinyar babba kuwa ba abin da ya ɗauke mata hankali kamar duwatsu. Ashe a ƙasarsu rairayi ne shimfiɗe, mutum sai ya girma bai yi tuntuɓe da dutse ba. Takan tsinci tsakuwa ta cika ƙoƙo, ta wanke su, ta jera a bakin ɗaki, ta hana kowa taɓawa. Ranar da ta fara ganin babban dutsen da ke bayan gari sai ta ɓuya bayan zanen uwarta, tana leƙensa ko zai motsa.

Abin da ke gabanmu shi ne gona. Guzurinsu ya kusa ƙarewa, rumbuna kuma ba zai ɗauki gida biyu har kakar baɗi ba. In bai sami inda zai yi shuka da ruwan fari ba, dole ya sake ɗaura wa jaki kaya ya shiga hanya da ƙananan yara cikin damina. Al'adar garin kuwa, mai masauki ne ke kai baƙonsa wurin mai gari a roƙa masa saura, wato gonar da aka bari ba a nomawa.

Mai garinmu asalinsa Bafillace ne, kakanninsa sun zo da shanu suka zauna, shi kansa ba ya jin Fulatanci sai na kiran saniya. Mutum ne mai kyauta, amma mai saurin fushi, kuma ya san ana raɗe-raɗin cewa fadamar da ta fi kyau kullum a gidansa take faɗawa. Muka je da hantsi, zaure cike da dattawa. Baƙona ya ajiye kanwar da ya kawo gaisuwa, ya durƙusa, ya tattaro 'yar Hausar da ya tara, ya ce da murya mai ladabi, "Kai kura. Garin nan duka, kai kura."

Wani dattijo ya kama tarin da ba na mura ba. Na yi sauri na ce ai wasan Barebari da Fulani ne, an gaje shi tun kaka da kakanni. Mai gari ya amsa cewa wasa sai da wanda aka saba da shi, ba a buɗe baki da shi ranar roƙo. Sannan ya tura kanwar da ƙafa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kwashe baƙonka. Kura ba ta rabon gona. Ko ta raba ma, ai kun ce nata kason ya fi."

Muka dawo, baƙona yana duban fuskata, bai san abin da ya ɓata ba, ni kuma ba ni da harshen da zan gaya masa. A raina ban yarda cewa mai tilawa irin tasa zai zagi mutum a zaurensa ba, amma da kunnena na ji.

Mai ɗakina ce ta kwance mini bakin zaren, ba da niyya ba. Tana kawo mini fura ta ce matar baƙon nan 'yarta ta fari kura take ce mata, tana faɗa tana shafa kanta. Da fari ta ɗauka wabi take yi, irin matan da ke sa wa ɗa mummunan suna don mutuwa ta raina shi ta wuce. "To amma Malam," in ji ta, "tukunya ma wabi ake mata? Babbar tukunyata kura, ƙaramar wai gana."

Na ajiye ludayi. Na ɗauko alluna biyu, babba da ƙarami, na kai wa baƙona, na ɗaga babban. Ya ce kura. Na ɗaga ƙaramin, ya ce gana. Ban gamsu da shaida ɗaya ba. Na gwada shi da ƙwarya da ƙoƙo, da rago da ɗan tunkiya, da kuka da 'yar sabara, kwana uku ina jan sa lungu-lungu, har mutane suka fara cewa liman ya koma ɗan makaranta. Amsa ba ta canza ba. Kura a bakinsu babba ke nan. Mutumin nan cewa ya yi mai gari shi ne babban garin duka. Da na kwaikwayi kukan kurar daji na nuna masa abin da kalmar ke nufi a wurinmu, sai ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya jima bai ɗago ba.

Kafin nan ruwan fari ya sauka, an fara shuka. Na koma wurin mai gari na yi masa bayani, na ƙara da cewa malaman fiƙihu sun tafi a kan ana ɗora lafazi bisa niyyar mai shi da al'adar mutanensa, ko a rantsuwa ma haka ne. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni, in babba ne kura a wurinsu, ita ta dajin me suke ce mata. Na ce ban tambaya ba. Ya ce in na sani in dawo, kuma kada in je in kitsa wa baƙona abin faɗa. Na yi masa alkawari na kame bakina.

Bayan kwana biyu kura ta ɗauke akuya a bayan gari, ta bar sawunta a danshi. Mai gari ya aiko a kira mu nan take, mutane suka biyo baya. Ya nuna wa baƙona sawun da sandarsa. Baƙon ya sunkuya ya duba, ya ce bultu, ya tofar da yawu gefe. Aka kawo 'yarsa babba aka nuna mata, ita ma ta faɗi haka ta ruƙunƙume ƙafar ubanta. Sai mai gari ya dafa ƙirjinsa, ya ɗaga gira yana jira. Baƙona ya dubi ƙasa, leɓensa na motsi, can ya ce, "Ranka ya daɗe."

Mai gari ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ashe Babarbare yana koyon magana in ya ji yunwa. A aiko mini da kanwata."

Sai dai saurukan da ke kusa duk an riga an raba. Abin da ya rage wata jigawa ce mai nisa, ta hanyar Basirka, wadda ta shekara da yawa ba a sa mata fartanya ba. Lokacin gero ya wuce, saboda haka na ba shi irin dawa da wake. Samarin unguwa suka yi masa gayya yini ɗaya, sauran kuwa shi kaɗai ya yi, matarsa tana kai masa fura da ƙaramar a goye. A gida ya hana a sake furta kalmar nan, har yarinyar ta yi kwanaki ana kiranta da wani sunan ba ta waiwaya. Mai ɗakina ta ce tana jin uwar tana kiranta da na dā in sun shiga ɗaki, ƙasa-ƙasa.

Amfanin shekarar bai yi yawa ba. Ya kai su bazara, muka haɗa da abin da ke rumbuna muka ƙarasa. Amma da kaka ta wuce na gan shi a bakin kududdufi yana kwaɓa ƙasa yana dunƙula tubali, a filin da ke jikin katangata ta gabas. Jakin nan bai ƙara ɗaukar kayan tafiya ba, sai taki zuwa gona.

Allah ya sanya albarka ga wanda ya karanta wannan da iyalinsa, ya yalwata musu abinci da wurin zama, ya haɗa baƙonsu da mai fahimtar maganarsa. Amin.