Katin da Ya Bi Kayan Gwanjo zuwa Kongolam

Duk ranakun da na yi a aikin gwamnati, ban taɓa mantawa da wata Litinin ba, ranar da na shiga ofis na tarar da wurin tsohuwar kwamfutarmu wayam, sai shatin gindinta a kan tebur. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aiki kwanan nan, don na lura hannunku na ƙaiƙayin kwance-kwance kamar yadda nawa ya yi.

Lokacin ina mataki na shida, ƙaramin jami'i mai kula da kwamfuta a sashen zane na wata ma'aikata a nan Daura. 'Yan shekaru ke nan da ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kuma kowace majalisa ka zauna sai an taɓo hukuncin ɓarawo. Aikin sashenmu zana taswirar filaye da gine-gine. Sai aka aiko mana da sabuwar kwamfuta daga Katsina, a cikinta da sabon katin hoto, wanda muke kira katin girafik. Ga wanda bai sani ba, wani allo ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke ɗaukar nauyin duk abin da ido ke gani a fuskarta.

Katin tsohuwar kwamfutar ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, ko fanka ba shi da ita. In mai zane ya juya hoton gini, sai hoton ya riƙa tafiya yana tirjewa kamar jakin da aka cika wa kaya. Sabon kuwa dogo ne mai nauyi, da fankarsa a jiki, gini na juyawa sumul. Aibinsa dai zafi, ga cin wuta.

Ni kuma Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Abin da ya hana ni sakat shi ne: saurin nan na katin ne, ko na sabuwar kwamfutar? Ranar Alhamis da hantsi, ban tambayi kowa ba, na buɗe su duka biyun na yi musanya, tunda ramin da ake soka su iri ɗaya ne. Tsohuwa ta samu sabon kati ta miƙe kamar ba ita ba, sabuwa kuma da tsohon kati ta koma rarrafe. Na rubuta duk abin da na gani a takarda ina ta murna, wai zan nuna wa shugaban sashe cewa ba sai an zubar da tsofaffin kwamfutoci ba, kati kawai za a sake musu. Lokacin tashi ya yi, na ce Litinin na mayar da kowane wurinsa. Juma'a na ɗauki izini na tafi Baure sunan ɗan yayata.

Abin da ban sani ba, sunan tsohuwar kwamfutar na cikin jerin kayan gwanjo. Ƙa'idar ita ce, kwamiti ya duba kayan da suka tsufa, mai sito ya gwada lambar da aka rubuta da fenti a jikin kowane da ta cikin takarda, sai a sayar. Lamba ake dubawa, ba wanda ke buɗe ciki. Malam Lawal mai sito ya gaya mini cewa tun ranar Juma'a wani ɗan kasuwa, Alhaji Ilu, ya kwashe kayan, kuma Nijar yake kai su ta Kongolam. Ya ƙara da cewa jibi Laraba masu bincike za su zo daga Katsina ganin sabuwar na'ura tana aiki.

Na zauna a kan buhun siminti da ke bakin sito. Duk wanda ya buɗe sabuwar kwamfutar tsohon kati zai gani, kuma ni kaɗai ke kula da kwamfutocin. Wa zai yarda gwaji na yi? Yau na san haddi yana da sharuɗɗa masu yawa, amma a ranar ba abin da nake kallo sai wuyan hannuna na dama. Na tuna mahaifina, malami ne mai jan salla a unguwarmu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam Lawal ya ba ni shawarar in ja bakina in yi shiru, wai masu bincike lamba suke karantawa su sha lemo su tafi. Na kusa ɗauka. Amma na san da zarar an juya gini ɗaya a gabansu asiri ya tonu, don haka na tafi wurin shugaban sashe na faɗi gaskiya. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Wa ya ba ka izini?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To ka ji. In gobe da safe katin nan ba ya kan teburina, ni ba zan rufe ba. Takarda zan rubuta."

Na zare tsohon katin na naɗe a takarda, na hau babur. Duk motar kaya da na hango a gaba sai in ce shi ke nan sun tsallaka. A Kongolam na samu Alhaji Ilu ana ɗaure masa lodi, saura a ja igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Da ƙyar ya sa aka sauko da kwamfutar. Na buɗe, na ciro sabon katin, na ɗora masa su biyun. Ashe shi asalinsa dillalin shanu ne. Ya riƙe ɗaya a kowane hannu yana auna nauyinsu, ya hura fankar ta juya.

"Samari, a wurinmu in ka sayi saniya ka tarar da ciki, ɗan naka ne."

Direba kuwa ya riga ya tayar da mota. Alhaji Ilu ya dube ni, sannan ya tambaye ni ko waɗanda suka sayar masa sun san da katin a ciki. Na ce wallahi ba su sani ba.

"To wannan ba ciki ba ne. Maraƙin wani ne ya biyo garke. Karɓi abinka, ba zan tsallaka iyaka da haƙƙin mutane ba."

Nan na soka masa tsohon katin a mazauninsa, hawaye na ɗiga a kan ƙarfen, ban ma ji kunya ba.

An ba ni takardar tuhuma, kuma na cancanta, tana nan a fayil ɗina har na yi ritaya. Takardar gwajin da na yi ta alfahari da ita, shugaba ya karanta ya ce gaskiya ce, amma gaskiyar da aka samo ta bayan gida. Daga ranar aka fara rubuta kayan cikin kowace kwamfuta a rajista, ba lambar jiki kaɗai ba.

Na koyi cewa a aikin gwamnati kyakkyawar niyya ba ta zama shaida sai an sa mata hannu, kuma wani lokaci mutuncinka yana hannun mutumin da bai taɓa kunna kwamfuta ba. Shi ya sa har gobe, kafin in kwance ƙusa ɗaya a kayan da ba nawa ba, sai na dubi hannun nan nawa na dama, sannan in nemi biro.