Layin da Ya Watse a Bayana

A shekarata ta ƙarshe a sakandare a Tudun Wada na tsaya takarar shugaban ɗalibai. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma na shafe mako uku ina rubuta manufofina a littafi, musamman yadda za a raba lokacin ɗiban ruwa a famfo, aji bayan aji.

Abokin takarata ɗan ajinmu ne mai murya kamar lasifika, wanda ni nake gyara wa insha'i. Bai rubuta komai ba. Magana ɗaya ya riƙe: wai 'yan Doguwa da 'yan ruga masu kwana a makaranta su suka ƙarar da ruwa, 'yan gari sun zama baƙi a garinsu.

Sai ya hau benci ya ce, "Famfon nan na wa ne?"

Fili ya ɗauka, "Namu ne!"

Na san ba gaskiya ba ne, famfon ne ya tsufa. Amma ba ƙaryar ce ta tsaya mini a rai ba, tafin ne. Ni ba a taɓa tafa mini ba, ko ranar da na zo na ɗaya.

A makarantarmu ba a jefa ƙuri'a a akwati. Layi ake yi a bayan ɗan takara, kuma ba ya waiwaye sai malami ya gama ƙirga. Kafin ƙirgar, kowannenmu zai yi jawabi yana fuskantar malamai. Ya yi nasa, ihu ya tashi. Da aka zo kaina na buɗe littafin, na ji kunya, na rufe. Na ce, "Ni ma in na ci, 'yan gari za su fara ɗiba."

Daga layinsa wani ya yi mini ba'a ya ce, "Malam ya shigo gari!" Aka yi dariya. A bayana kuwa sai ƙarar silifa, tana nisa.

Da na waiwaya, mutum shida na gani. Sauran, 'yan Doguwa da 'yan ruga da suka tsaya a bayana, na can gindin darbejiya, sun ƙi bin kowa. Wani ɗan Doguwa da muke benci ɗaya ya zo wucewa ya ce, "Ɗan'uwa, mun fi su yawa fa. Da takardarka kawai ka karanta."

Aka ɗaga abokin takarata a kafaɗa. Na tsaya ina kallo, kuma Allah ya sani, har a lokacin wurinsa nake so.