Kunyar Ɗan Fari

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in ranta ya yi fari ta ce "mai littafi". Ni kuwa auta ce, sunana har gajiya yake da kira. Shi ko da yake zuwa na ɗaya a lakwal, makarantar garinmu Dogarawa, shekara da shekaru, Inna ba ta taɓa ɗaga kai daga turmi ta ce masa sannu ba. Abin da take yawan faɗa, tana kallon wani wuri, shi ne yabon kai jahilci, kuma yaro ba ya zuba wa babba ido. Ni maganar ta bi ta bayan kunnena. Shi ya riƙe ta da hannu biyu.

Noma ya karanta a Yamai har ya yi mastar, aikinsa kuma a kan albasa ne. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san baƙin cikin buɗe rudu, ɗakin karan nan da ake ajiye albasa a jira ta yi daraja, a tarar rabi ta ruɓe. Yaya ya kwashe rani bayan rani a garkar Baba yana ɗaga gadon rudu, yana buɗa wa iska hanya, yana canza lokacin yanke ban ruwa kafin cira. Ni shaida ce, don ni nake wanke rigunansa in na zo hutu, kuma warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya jin sabulu. A ƙarshe rudunsa ya kai damina da albasa ƙalau, lokacin da na maƙwabta ke tsiyayar ruwa.

Abin da ya rage masa doktora ne, a waje, inda akwai kayan da zai duba ciwon albasar tun daga tushe. Mu ko Sakkwato ba mu da ƙarfin kai shi, balle Turai. Sai dai bursi, irin wadda ake ɗauke wa mutum komai, jirgi da makaranta da ci da kwana. Irin wannan kuwa duniya ce duka ke rububinta, a ɗauki 'yan ƙalilan a bar sauran. Yana koyarwa a kwaleji, yana aika dosiye, wato takardun neman bursi, kowace shekara. Wasu su ba shi haƙuri, wasu ko haƙurin ba ya samu. Bursin da ya fi sa wa rai tana da iyakar shekaru, kuma shekarar da nake magana ita ce ta ƙarshe gare shi. A shekarar ne aka ce ya kai matakin ƙarshe, za a yi hira da shi ta bidiyo.

Rezon intanet na Dogarawa ba abin dogaro ba ne, sai ya zo ɗakina a Ƙonni, inda nake koyar da yara. Na aro masa ordinata, wato kwamfuta, na rataya farin zane a bango don ya ɓoye tsagar siminti, na je na roƙi maƙwabcina mai injin niƙa ya yi mana shiru da hantsi. Sannan na zaunar da shi.

"Yaya, mutanen nan ba surukanka ba ne. In sun tambaye ka, ka buɗe baki ka faɗi abin da ka yi."

"To, malama."

"Ba wasa nake ba. Ka dube su cikin ido."

Ya yi dariya ya ce, "Da ke za su tambaya, da sun ba ki bursin don dai ki yi shiru."

Su uku ne suka fito a gilashin, tsofaffi biyu masu furfura da wata mata da ke jan zancen. Da faransanci aka yi. Ni ina zaune a ƙasa bakin ƙofa inda ba su ganina, riƙe da wayar da ke ba mu rezo. Da suka shiga maganar albasa, wallahi sai da na ji kaina ya yi girma. Ya zana musu rudu da hannu a iska, ya amsa abin da suka tambaya har da wanda ba su kai ga tambaya ba. Na ga tsoho ɗaya ya matso kusa yana gyaɗa kai.

Sai matar ta tambaye shi wa ya fara kawo wannan dabara. Ya ce malaminsa na Yamai ne ya nuna masa hanya, manoman garinmu kuma sun san abubuwa da yawa, shi dai tattarawa ya yi. Malamin nan mutumin kirki ne, amma ko hanyar garkar Baba bai sani ba. Na fara harararsa, bai ko waiwayo ba.

Ta ce, "Masu nema suna da yawa. Me zai sa mu ɗauke ka mu bar su?"

Na ga kansa yana sauka a hankali, har ya zama hularsa kaɗai ake gani a gilashin. Ya ce, "Ban san aikinsu ba, madam. Ina jin akwai waɗanda suka fi ni. In an ga na dace, zan yi iyakar ƙoƙarina."

Matar ta jira. Har yau ina gode mata wannan jiran. Ta ce ko yana da abin ƙarawa, ya ce babu, ya gode.

Ana kashewa na hau shi da faɗa, ban bar komai a cikina ba. Shi kuwa ya miƙe yana linke farin zanena. Da na gaji ya ce, "Mutane da furfurarsu, in zauna ina cika musu baki?" Ya ba ni zanen, ya fita neman kabu-kabu zuwa tasha.

Ba a ɗauke shi ba. Malaminsa ya san ɗaya daga cikin tsofaffin nan, malamin ne ya kira Yaya ya faɗa masa yadda aka yi. Aikin ya burge su, amma ba su tabbata nasa ba ne. Mutum ya ƙi duban su, ya ce aikin na wasu ne, ya ce akwai waɗanda suka fi shi, sai suka ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Da Yaya ya maimaita mini wannan a waya, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ni ce na yi kukan.

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Dogarawa da niyya ɗaya: Inna ta ji abin da tarbiyyarta ta jawo. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar wake. Ta riga ta san ba a ɗauke shi ba, amma a ganinta rabo ne bai zo ba, baɗi ma rana ce. Ba wanda ya gaya mata babu baɗi. Ko mayafi ban cire ba na fara ba ta labari tun daga farko, ina kwaikwayon muryarsa don haushi, ina ajiye dalilin ƙin ɗaukarsa sai ƙarshe don ya fi zafi.

Da na kai wurin tambayar matar, hannun Inna ya tsaya cikin ƙwarya.

"Ya ce akwai waɗanda suka fi shi?"

"Haka ya ce, Inna."

"A gaban manyan?"

"A gabansu, kansa a ƙasa kamar mai neman allura."

Sannan ta ce, a hankali, tana kallon waken, "To, alhamdu lillahi. Wancan yaron ɗa ne. Bai zubar da ni a gaban baƙi ba."

Na buɗe baki zan ƙarasa, sai na hango shi. Yana tsaye bakin zana da buta a hannu, ya dawo daga garka, ban san tun yaushe ba. Ya dube ni, ya girgiza kai sau ɗaya. Ni da ake cewa bakina ba ya da murfi, na haɗiye maganar. Na zauna na taya Inna ɓarar wake, idona yana zafi.

Da la'asar ya raka ni bakin kwalta jiran mota. Can ya ce, "Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji."

"Tun da aka haife ni ban taɓa ji ba." Ya yi murmushi. "Kar ki gaya mata sauran."

Ban gaya mata ba har Allah ya karɓi abarsa. Yaya yana nan yana koyarwa a kwaleji. Rudu irin nasa ya bazu har ƙauyukan Malbaza, kuma in ka tambayi masu shi wa ya kawo, sai su ce haka suka gani ana yi. Ciwon albasar da ya so ya bi har tushe yana nan inda ya bar shi. In na tuna, har yanzu raina ɓaci yake, kuma ban san da wa zan yi fushin ba.

Bara, da za a koma lakwal, sai ga shi a ƙofata da 'yarsa ta fari da akwatinta. Yarinya ce mai kai, ita ma ta ɗaya take zuwa, ita ma in ana mata magana ƙasa take kallo. Ya ce yana so ta zauna wurina ta yi karatu a Ƙonni. Na ce ai akwai lakwal a Dogarawa, shi kansa malami ne. Ya jira har ta shiga ɗaki da akwatin, sannan ya rage murya.

"Waccan tana da ƙoƙari," ya ce. "Ki riƙa faɗa mata a gaban idonta. Ni na gwada, bakina ya ƙi."