Baba Gide, Mai Dakon Katunan Malamai

Kowace Talata da hantsi Baba Gide ke tada akori-kurarsa a tashar Ƙanƙara. Masara da tumaki a baya, kujerar gaba kuwa ba ta fasinja ba ce, ta wani akwatin katako ce.

Malaman firamare goma sha ɗaya daga Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ke karatun jami'a daga gida, aka ɗora musu darasin ƙididdiga. Kwamfutar da ke yin lissafin tana can Zariya, ta cika ɗaki guda. Ba ta karɓar aiki sai a katuna masu huji, a jere, in ɗaya ya kauce ta ƙi duka. Malami ba ya barin aji ya je bin layi. Baba Gide ke bi musu, ya kai katunan a cikin akwatin nan, ya miƙa ta taga, ya jira doguwar takardar amsa, ya rarraba gari gari. Shekara bakwai yana haka.

Bai yi boko ba. Amma ya ga ma'aikatan ɗakin na jan layi a karkace a gefen kowane ɗaurin katuna, ya tambayi dalili, aka ce masa don in sun watse a iya mayar da su jere. Tun ranar, duk ɗaurin da aka ba shi sai ya ja masa.

Bara da kaka Malama Suwaibatu ta Sabuwa ta damƙa masa aikinta na ƙarshe, ƙididdigar audugar manoma ɗari biyu da ta bi gona gona ta tattara. Saura kwana ɗaya a rufe karɓa. A hanyar Zariya mota ta faɗa rami, akwati ya kife, katuna suka watse. Wani fasinja ya leƙo ya ce, "Baba, aikin nan ya mutu."

"Bai mutu ba. Ku tsinto mani su, kada wanda ya lanƙwashe."

Ya shimfiɗa rigarsa a inuwar dorawa, yana jerawa yana duba gefe, har layin ya haɗu. Kwamfuta ta karɓa, Malama ta ci jarrabawa.

Da ta zo godiya ya ce, "To, mi na'urar ta ce?"

"Ta ce masu shuka da wuri sun fi samu, Baba."

Ya yi dariya har da hawaye. "Wannan ai ko ni na sani!"

Bana ido ya raunana, ya ajiye tuƙi. Baba Gide, kai ne direban da sunansa bai hau takardar shaidar kowa ba, alhali da guminka aka same ta. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk wanda aka damƙa wa aikin wani, ko bai iya karanta shi ba, ya riƙe shi yadda ka riƙe.