Ɗaya Bayan Azahar

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, da mutanenmu suka cika motoci suka tafi birni don su gani da idonsu, a ita ce kemis ɗin Baba na Kabo ya kusa rufewa. Baba kowa ke kiransa. Tun zamanin tsuke bakin aljihu magani ke ta tsada, har ya kai rabin kwalayen da ke kan kantarsa babu komai a ciki. Ni mai hawan jini ne, wurinsa nake karɓar magani, in zauna a benci mu taɓa hira.

Baba ba ya ce maka sau uku a rana. Da ajami yake rubutawa a bayan takardar maganin: ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan isha'i. Yakan ce mutumin ƙauye irin Durun ba shi da agogo, amma salla ba ta wuce shi.

A Gwarzo kuwa akwai wani Alhaji mai kemis uku. A hannun Baba ya koyi sana'ar, ya tafi ba sallama ya buɗe nasa. Shi ya aiko a haɗa shagunan, a riƙa saro magani tare daga Kano da rangwame. Baba ya yi istihara ya yarda. Tsoronsa ɗaya, kada a mai da shi ɗan kallo a shagonsa.

Aka cika kanta da magani, aka kawo kwamfuta da janareta. Ban raina na'urar nan ba, Allah ya sani. Tana faɗin maganin da ya kusa lalacewa, tana buga wa kowa takarda da boko da lambobi. Aka ce Baba ya ajiye alƙalami. Ya ajiye, ya dawo benci kusa da ni.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya zo duba shago, sai ga wata tsohuwa daga ƙauyen Masanawa da ƙullin maganin da ta saya mako guda da ya wuce, ko ɗaya ba ta sha ba.

"Inna, me ya hana ki sha?" in ji Alhaji.

"Ka ga an rubuta mini salla a nan? Limaminmu ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce wannan ba karatunsa ba ne."

"Ai sau uku ne a rana, Inna."

"Uku yaushe? In haɗiye su duka da safe in huta? In na faɗi, injin naku ne zai zo ya ɗauke ni?"

Aka yi dariya, ban da Alhaji. Ya daɗe yana kallon ƙullin. Can ya ɗauko alƙalamin, ya zo gaban benci ya durƙusa da babbar rigarsa.

"Baba, inji ya buga nasa, kai ka rubuta naka. Ma'aikatan Gwarzo ma za su zo ka koya musu. Na tafi ban yi maka sallama ba, na dawo na raba ka da alƙalami. Ka yafe mini duka biyun."

Baba ya ce, "Tashi, za ka ɓata shadda. Na yafe. Ai ni ma da haƙƙinka a kaina. Addu'ar da ake yi wa wanda ya gama koyo, ban taɓa yi maka ba. Ɗaga hannu."

Muka ɗaga gaba ɗaya, har da masu jiran layi. Baba ya yi ta a tsanake, muka shafa.

Tsohuwar ta ce, "Amin. To a rubuta mini, mota za ta tashi."