Shirun da Na Yi a Gaban Jami'an Jarrabawa

Edita, ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. Ba zan kama sunan kowa ba, mai abin zai gane kansa. Lokacin da wannan ya faru ni magidanci ne da mata da 'ya'ya, kuma tsakanin Funtua da Malumfashi in ana maganar haɗa kwamfutoci su yi aiki tare, ni ake nema. Ina ji da kaina a kan aikina, ba zan ɓoye ba. Amma akwai mutum ɗaya da ba ni da baki a gabansa, shi ne Alhajin da ya riƙe ni. Mahaifina leburan gidan gurzar auduga ne, ya rasu cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin ina ƙarami, Alhaji ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, ya sa ni makaranta har na zama mutum. Baba nake ce masa, kuma har zuciyata nake faɗa.

Da aka fara jarrabawar shiga manyan makarantu a kan kwamfuta, Baba ya buɗe cibiya a Funtua ya damƙa mini. Ɗakunan jarrabawa biyu ne, babba da ƙarami. Na ware kowanne da rukuninsa, na haɗa su da na'urar da muke kira rauta. Bari in ɗan yi bayani, don nan ne bakin zaren. Kwamfuta in aka kunna ta ba ta tsinana komai sai ta samu adireshi, wato lambar da za a san ta da ita. Sai ta yi kira a ba ta, uwar na'ura da ke babban ɗaki ta ba ta aro na ɗan lokaci, in wa'adi ya cika ta sake roƙo. To wannan kiran ba ya tsallake rauta. Kwamfutocin ƙaramin ɗaki ko shekara za su yi suna kira, uwar ba za ta ji ba, sai an rubuta wa rautar umarni ta zama 'yar aike, ta kai roƙon ta dawo da amsa. Layi ɗaya ne tak, wanda bai san da shi ba ba zai lura babu shi ba.

Daga baya Baba ya buɗe wa babban ɗansa, wanda nake kira ƙanena, wata cibiyar a Malumfashi. Akwai wata ɗabi'a tamu da kowa ya sani, kowa kuma ke yi: in masu duba cibiya za su zo, sai a aro kaya a jera musu, fanka, kujeru, har janareto, in sun juya baya a mayar. Ina ƙauye wajen ta'aziyya ƙanena ya zo ya kwance rautata ya tafi da ita Malumfashi don a nuna wa masu duba. Da masu duba suka tafi, ashe ta yi masa daɗi, sai ya riƙe ta ya kawo tasa, kamarsu ɗaya a ido. Ya kwafi saitina daidai gwargwado, ya tsallake layin aiken, ya sa kalmar sirrinsa, bai faɗa wa kowa ba. Ana gobe jarrabawa na dawo na kunna komai, komai ya tashi lafiya, domin adireshin da kwamfutocin suka ara tun kafin in tafi wa'adinsa bai cika ba. Na kulle na tafi gida hankalina kwance.

Da safe yara suka cika harabar, wasu daga Danja, wasu tun daga Musawa a kan babura, iyaye sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Aka kunna. Babban ɗaki ya kama aiki, ƙaramin ko kwamfuta ɗaya ba ta samu adireshi ba, aron ya ƙare. Kallo ɗaya na yi na san ciwon, gyaransa bai kai shan kofin shayi ba. Na je wajen rauta, ta ƙi kalmar sirrina. Na duba bayanta, na ga ba tawa ba ce, ta ƙanena ce. Na kira ƙanena, wayarsa a kashe. In na goge ta na sake saiti, babban ɗaki ma zai yanke ana tsakiyar jarrabawa. Na roƙi jami'an hukumar jarrabawa su bar ni in sa wa kowace kwamfuta adireshi da hannu, suka ce doka ta hana a taɓa na'ura bayan ɗalibi ya zauna. Haka yaran nan suka zauna suna kallon allo har aka ce su tashi. Wasu suna kuka.

Aka tara mu a ofishin Baba. Kowa a gidan ya san in maganar aron kaya ta fito, cibiyoyin biyu za a rufe, ƙanena kuma ya shiga uku. Baba ya gyara babbar riga, ya ce wa jami'an yaron nan nasa, wato ni, shi ke kula da komai, kuskure aka samu, su yi haƙuri. Shugabarsu, wata Hajiya mai natsuwa, ta dube ni ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa na'urorin ban da ni. Na yi shiru. Ta sake tambaya, ta ce in yi tunani da kyau, don abin da zan faɗa zai bi ni. Amsar tana bakina. Amma ta yaya zan ƙaryata mutumin da ya rene ni, a gaban baƙi, in kuma tona asirin ɗansa? Haka aka tarbiyyantar da mu, babba ya yi magana ka sunkuyar da kai. Na sunkuyar, na girgiza kai alamar babu.

Da suka tafi Baba ya dafa kafaɗata ya sa mini albarka, ya ce in ƙura ta lafa zai wanke ni da bakinsa. Hukumar ta haramta mini aiki a kowace cibiya, cibiyar Baba kuwa gargaɗi kawai aka yi mata, ƙanena ya haɗa biyun yana riƙewa. Makarantun da ke nemana suka daina kira. Wata mata da 'yarta ta rasa shekarar ta cafki rigata a tsakiyar kasuwa ta ce Allah ya isa. Matata ta daina zuwa biki saboda habaici. Na koma gyaran waya a wata rumfa kusa da tasha. Na yi ta zuwa wajen Baba, ba aiki nake roƙo ba, ya faɗa wa ko da mutanen gida da na masallaci gaskiya kawai. Kullum sai ya ce in ƙara haƙuri. Da tafiya ta yi nisa sai na ji shi da kunnena yana ba baƙi labarin yadda sakacina ya kusa rufe masa cibiya, kuma wallahi daga muryarsa ya riga ya yarda haka aka yi.

Bara Baba ya rasu. Na je na yi masa salla, na zauna zaman makoki kamar kowane ɗa. Ana cikin karɓar gaisuwa ƙanena ya kamo hannuna, ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji, ya ce Yaya ka kwantar da hankalinka, kafin Baba ya cika ya ce ya yafe maka abin da ka yi masa. Mutane suka yi ta cewa Allahu akbar, suna yaba halin marigayi. Ni kuma, don ka san irin wautata, na buɗe baki na ce na gode.

Har yau in na tuna wannan godiyar abinci ba ya shiga. Ban ce kada a girmama na gaba ba, ban kuma manta alherin da aka yi mini ba. Amma na gane kawaici yana da iyaka, kuma wanda ka rufa wa asiri da sunanka ba lallai ya dawo maka da shi ba, tun ma ba in shirunka yana yi masa amfani. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ana gobe aiki ku duba na'urarku da idonku, ku sa kowace kwamfuta ta saki adireshinta ta roƙi sabo, kada tashin jiya ya ruɗe ku. In kuma aka tambaye ku gaskiya a gaban hukuma, ku faɗe ta da ladabi a ranar, ko a gaban wa. Ni na ajiye tawa ina jiran a faɗa a madadina, yanzu mai faɗar yana ƙasa, in na faɗa kuma sai a ce ina yi wa mamaci ƙazafi.