Ranar da Muka Kai Kyanwar Inna Nguru

Na ga abubuwa da yawa a duniya, wasu na manta, wasu na yafe. Amma tafiyar da muka yi daga Gashuwa zuwa Nguru da kyanwa a kwando, ni da mahaifiyata, wannan kam sai dai a binne ni da ita.

Shekarun bayan yaƙin Turawa ne. Aurena ya mutu, na dawo gida ina taya Inna sana'ar bandar kifi. Kyanwar kuwa autanmu ne ya tsinto ta a bakin kogi tana jaririya, kafin ya shiga soja. Aka tafi da shi, bai dawo ba, ko rigarsa ba mu gani ba. Tun daga nan Inna ta mai da kyanwar nan 'ya. Ga kyanwar matsoraciya ta ƙin ƙarawa. Baƙo ya yi sallama, ta shige ƙarƙashin rumbu sai ya tafi. Ni da nake ba ta kan kifi kullum, in na miƙa hannu sai ta yi mini tsiwa. Ba zan ɓoye muku ba, haushinta nake ji.

Wata rana da hantsi mahaukacin kare ya faɗo unguwarmu. Ya ciji akuyar maƙwabta, ya kutso ta ɓarakar dangarmu, ya cafki kyanwar a cinya. Samari suka bi shi da sanduna suka gama da shi. Mai unguwa ya ce duk dabbar da ya ciza a kashe ta. Aka yanka akuya aka binne. Da aka zo kan kyanwa sai kowa ya ja baya, don babu mai son ɗaukar alhakin kyanwa. Inna kuma ta zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa.

"Sai dai ku fara da ni," in ji ta.

Aka yi ta ja-in-ja har raunin ya warke. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa gidanmu, masu sayen kifi suka ragu. Daga ƙarshe mai unguwa ya gaji ya ce, "Inna, akwai malamin dabbobi a Nguru, mai duba shanu kafin a loda su a jirgi. Ki kai masa ita. Abin da ya ce, shi ke nan."

To, nan fa ake yin ta. Inna ta san in kyanwar nan ta ga baƙon namiji za ta zabura ta yi yaƙushi, shi kuwa zai ce hauka ce. Sai ta shiga shirin kwantar mata da hankali. Ta sami kwandon kaba mai murfi, ta shimfiɗa tsohon zanenta wanda ba a wanke ba, don kyanwar ta riƙa jin ƙamshin jikinta. Ta zuba ganyen ɗoɗɗoya a ƙarƙashi. Ta daina ba ta abinci ko'ina sai cikin kwandon, har ta saba kwana a ciki. Da yamma ta sa turaren wuta irin na Barebari kaɗan a kasko, ta ɗora ta a cinya tana shafa bayan kunnenta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ranar tafiya ta shafa mata man shanu a tafin ƙafafu, wai in tana lasa ba ta da lokacin tsoro.

Na ce, "Inna, ni da kika haifa ban sami wannan gata ba."

Ta ce, "Ke bakinki ya ishe ki gata."

Muka hau motar kifi. Hanya rairayi ce zalla, ba mu yi nisa ba motar ta kafe. Aka ce kowa ya sauka a tura, aka bar Inna a sama saboda tsufa, da kwandonta a cinya. Direba ya taka wa injin wuta, motar ta yi ƙara ta girgiza, ta fita. Da na hau na tarar Inna ta naɗe hannun dama cikin mayafi, ta danne murfin da na hagu. Na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau.

Malamin dabbobi mutum ne mai natsuwa. Mun same shi wajen turken shanu kusa da tasha. Fulanin da ke wurin suka yi ta dariya, wai yau ga mage ta zo ganin likita. Shi bai yi ba. Ya buɗe kwandon, kyanwar tana kwance lamo tana lasar ƙafa. Ya duba tabon, ya duba bakinta da idonta.

"Iya, a ido lafiyarta ƙalau," ya ce. "Amma ciwon nan ɓuya yake yi. Ki kulle ta a ɗaki ita kaɗai, a zura mata abinci ta ƙarƙashin ƙofa, a ga abin da Allah zai yi. Sai tambaya ɗaya, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ta ciji wani? In ta ciza, dole a kashe ta yau a bincika, wanda ta ciza kuma ga jirgi nan, ya tafi Kano a yi masa allurai tun da wuri."

Inna ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ba ta ciji kowa ba, ɗan nan."

Da muka koma gida ta ƙunsa lalle a hannun. Na ga rauni a gindin babban yatsa, ta ce ƙayar kifin kurungu ce ta soke ta. Wa zai yi musu? Mai sana'ar kifi hannunta ba ya rabo da rauni, kuma lalle muke sa wa irinsa tun kaka da kakanni.

Ba a jima ba kyanwar ta daina cin abinci. Muna jin ta tana wani irin kuka mai kauri a ɗakin da aka kulle ta, tana gabzar ƙyaure. Sai ƙafafun baya suka mutu, yawu yana dalala. Da kyanwar ta mutu, Inna ta naɗe ta a zanen nan ta binne a bayan rumbu. Maƙwabta suka ce Allah Ya kiyaye da aka kulle ta. Ni ma hamdala na yi. Inna kuwa ko a ranar ba ta ce uffan a kan hannunta ba. Wannan shirun na biyu shi ne har yau in na tuna zuciyata take tafasa, Allah Ya gafarta mata.

Sai da kaka ta yi aka fara yankan gero sannan ta ce hannun yana yi mata zugi har kafaɗa. Zazzaɓi ya biyo baya. Wata azahar na kawo mata buta za ta yi alwala. Tana ganin ruwan ya zubo sai maƙogwaronta ya shaƙe, ta hankaɗe butar, ta manne da bango tana kakari. Matar da aka haifa a bakin kogi, wadda ta yi rayuwarta hannu cikin ruwa. Nan take na gane.

Da abin ya lafa mata ta kira ni. Ta ce, "Ba kurungu ba ne. A mota ne, lokacin da kuka sauka. Tsoro ta ji, ba da gangan ta yi ba."

"Inna, ga jirgi muna kallo! Don me ba ki faɗa ba?"

"Da sun kashe ta a gabana."

Na ruga wajen mai ba da magani a gari. Ya saurare ni har na gama, ya sunkuyar da kai ya ce in an kai ga tsoron ruwa, Kano ma ba ta da abin yi. Malamai suka yi rubutu, ba ta iya sha ba. Na riƙa jiƙa tsumma a ɓoye ina goga mata a leɓe. Da ƙishirwa mahaifiyata ta bar duniya, ga randa cike a ɗakin.

Hausawa suka ce so hana ganin laifi. Ni na ga ya hana faɗin ciwo. Duk dabarar Inna ta yi aiki, kyanwar ta kwanta lamo kamar yadda ta so, amma lallashi tsoro yake kwantarwa, ba ya taɓa cuta. Shi ya sa har yau, in nawa ya ɓoye hannu ya ce mini ba komai, ba na jin kunyar girmansa. Kamawa nake yi in buɗe in gani da idona.